Dutsen Ɗariƙu Da Baƙinsa Na Yini Guda

 Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jujjuya kwanaki a tsakanin mutane. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo wannan rubutu wani hoto ne da ya shigo wayata ina zaune a ƙofar gida a nan Mahuta, kudu da kogin Kaduna, bayan sallar la'asar. Wani ƙanena ne da ke karatu a Turai ya turo shi. Ga shi nan tsaye yana dariya, biri ya ɗare masa kafaɗa, a bayansa kuma teku ce shuɗiya har iyakar ganin ido. A ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa sun je Jibralta da safe shi da abokansa, sun ga birai, sun sayi turare mai araha, sun komo masaukinsu a Sifaniya kafin magariba. Na tambaye shi ko ya san ma'anar sunan wurin da ya taka. Ya ce shi dai ya ɗauka sunan Turawa ne. Da na gaya masa cewa asalin kalmar Larabci ce, wato Jabalu Ɗariƙ, Dutsen Ɗariƙu ɗan Ziyad, sai ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce: "Yaya, ai kuwa na wuce wata tsohuwar hasumiya ban ko tsaya ba."

Ban ga laifinsa ba, domin kuwa ni ma sai da na girma na sani. Shi ya sa na ga ya dace in tattara abin da ya sauwaƙa na tarihin wannan dutse, ko Allah Ya sa wani matashi ya amfana.

WURIN DA KANSA

Jibralta wani ɗan zirin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku a ƙarshen kudancin Sifaniya. Faɗinsa duka bai kai murabba'in kilomita 7 ba, tsawonsa kimanin kilomita 5, kuma mafi yawansa dutse ne guda na farar ƙasa mai tsayin mita 426. Mazaunansa ba su kai dubu arba'in ba. Amma kafin annobar korona ta 2020, masu shiga cikinsa a shekara sun kai wajen miliyan goma, kuma mafi yawansu ba sa kwana. Wasu su ƙetaro iyaka da ƙafa ko a motocin safa daga garin La Linea, wasu kuma su sauko daga manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke tsayawa na 'yan sa'o'i.

Hanyar baƙon yini guda sananniya ce. Da ya wuce iyaka sai ya ratsa titin saukar jiragen sama da ƙafarsa, domin filin jirgin ya gitta hanyar shiga gari (motoci kam an yi masu hanya ta ƙarƙashin ƙasa a 2023). Daga nan sai ya hau dutse ya ga birai, ya leƙa kogon Sen Maikel, ya shiga ramukan da sojojin Birtaniya suka haƙa a cikin dutsen, waɗanda tsawonsu a haɗe ya haura kilomita 50. Sannan ya sauko babban titin kasuwa ya sayi turare ko agogo ko taba saboda sauƙin haraji, ya kama hanya. Su biran nan kuwa, waɗanda ba su wuce ɗari uku ba, asalinsu daga Arewacin Afirka ne, kuma su kaɗai ne birai masu yawo a sake a nahiyar Turai. Turawan Ingila suna da camfin cewa ranar da birai suka ƙare, ranar mulkinsu zai ƙare a wurin, har ta kai Firayim Minista Winston Churchill ya ba da umarnin a ƙaro wasu daga Maroko a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ashe dai camfi ba a ƙauyenmu kaɗai yake ba.

SHEKARAR 92 BAYAN HIJIRA

A zamanin halifa Walidu ɗan Abdulmalik na daular Banu Umayya, gwamnan Arewacin Afirka shi ne Musa ɗan Nusair, mai zaune a Ƙairawan. Wakilinsa a birnin Ɗanja shi ne Ɗariƙu ɗan Ziyad, wanda mafi yawan malaman tarihi suka tafi a kan cewa Babarbare ne na Magrib, wato daga ƙabilun Barbar, kuma 'yantaccen bawan Musa ne. A shekarar 710 aka fara tura Ɗarifu ɗan Malik da 'yan ɗaruruwan mayaƙa don su gano yanayin ƙasar. Inda ya sauka shi ne garin da har yau ake kira Tarifa.

A shekarar 711, wadda ta yi daidai da 92 bayan Hijira, Ɗariƙu ya ƙetare mashigin tekun, wanda a inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba, tare da mayaƙa kimanin 7,000, akasarinsu Barbar. Jiragen da suka ɗauke su na Yuliyan ne, mai mulkin Sabta, wanda ke da jiƙaƙƙa tsakaninsa da Luzariƙ sarkin Gotawa masu mulkin ƙasar a lokacin. A gindin wannan dutse suka taru. Musa ya ƙaro masa mutum 5,000, kuma a ƙarshen watan Ramadan na wannan shekara aka gwabza a Wadi Lakka, inda rundunar Luzariƙ ta watse, shi kansa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗariƙu ya zarce har Ɗulaiɗila, babban birnin Gotawa. A 712 Musa ya biyo baya da tasa rundunar.

A nan akwai abu biyu da nake so ɗan'uwa mai karatu ya lura da su.

Na farko shi ne labarin ƙona jirage. Kusan duk wanda ya taɓa jin sunan Ɗariƙu a wa'azi ya ji cewa da ya sauka sai ya cinna wa jiragensa wuta don kada kowa ya yi tunanin komawa. Labari ne mai daɗin ji, amma magabatan da suka fara rubuta tarihin buɗe Andalus, irin su Ibn Abdilhakam wanda ya rasu a 871 da Ibnul Ƙuɗiyya wanda ya rasu a 977, ba su ambace shi ba. Sai a wajen Idrisi, masanin taswirar duniya da ya kammala littafinsa a 1154, aka fara cin karo da shi, wato bayan fiye da shekara ɗari huɗu. Kuma ko a hankalce, jiragen ba mallakar Ɗariƙu ba ne, sannan ta teku ɗin nan dai ƙarin mayaƙa suka iso masa daga baya. Mu da aka horar da mu a kan bin isnadi wajen hadisi, bai kamata mu zama masu sakaci da shi wajen tarihi ba. Gaskiyar abin da ya faru ta isa abin mamaki, ba ta bukatar a yi mata ƙari.

Na biyu shi ne ƙarshen mutanen biyu. A 714 halifa ya kira Musa da Ɗariƙu zuwa Dimashƙa. Walidu ya rasu a 715, ɗan'uwansa Sulaiman ya hau, kuma Musa bai ga da kyau ba a hannunsa. Shi kuwa Ɗariƙu, sai littattafan tarihi suka yi shiru da labarinsa, har ba a tabbatar da inda kabarinsa yake ba. Mutumin da ya buɗe ƙofar Andalus ya ƙare rayuwarsa babu sarauta babu ambato, amma ga shi yau shekara dubu da ɗari uku miliyoyin bakuna na furta sunansa ba tare da sun sani ba. Ɗaukaka ta Allah ce, Yana ba da ita ta inda Ya so.

BIRNIN NASARA DA KAI-KOMONSA

Dutsen bai zama gari sosai ba sai a 1160, lokacin da Abdulmumin, sarkin daular Muwahhidun, ya ba da umarnin a gina birni mai ganuwa a jikinsa, aka sa masa suna Madinatul Fathi, dutsen kuma aka riƙa ce masa Jabalul Fathi. Dalilinsa a fili yake: duk mai son ya riƙe Magrib da Andalus a hannu ɗaya, dole ne ya mallaki wannan mashigi.

A 1309 sarki Fadinan na Huɗu na Kastila ya ƙwace garin, mazaunansa Musulmi suka ƙetara zuwa Magrib. Shekara 24 yana hannun Kastila, har zuwa 1333 da Abu Malik, ɗan Sarkin Fas Abul Hasan na daular Banu Marin, ya kewaye shi na wasu watanni ya karɓo shi. Bayan wannan ne aka sake gina babbar hasumiyar nan mai kusurwa huɗu da ake hangowa tun daga iyaka, wadda ƙanena ya wuce bai tsaya ba. Har yau akwai tabon duwatsun majaujawa a jikin bangonta. A ƙarƙashin gidan tarihin garin kuma akwai ɗakunan wanka na wancan zamani, da wurin ruwan sanyi da na zafi, suna nan kusan yadda aka bar su.

A 1349 sarki Alfonso na Goma Sha Ɗaya ya zo da niyyar ba zai tashi ba sai ya karɓe garin. Annobar nan da ta cinye kaso mai yawa na mutanen Turai da ƙasashen Musulmi ta faɗa wa sansaninsa, ta kashe shi a watan Maris na 1350, rundunarsa ta janye. Jim kaɗan bayan haka wani baƙo ya iso dutsen, shi ne Ibn Baɗuɗa, mutumin Ɗanja. Shi ma bai daɗe ba, amma ya zagaya ganuwar, ya duba ma'ajiyar makamai da wurin ƙera jirage, kuma a littafin tafiyarsa an ba da labarin yadda Sarki Abu Inan ya sa aka ƙera masa siffar dutsen da ganuwarsa da hasumiyoyinsa aka ajiye a fadarsa ta Fas, saboda tsananin kulawarsa da wurin. Wannan bawan Allah bayan shekara biyu ya ratsa Sahara zuwa Mali, ya biyo ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, inda ya ambaci wata ƙasa da ake kai wa tagulla, wadda masana da yawa suka ce Gobir yake nufi. Ka ga ƙafa ɗaya ta taka Dutsen Ɗariƙu ta kuma zo bakin ƙasar Hausa. Shi ma baƙo ne mai wucewa, amma ya duba, ya yi tambaya, ya sa an rubuta.

Daga 1374 garin ya koma hannun sarakunan Garnaɗa. Abin baƙin ciki, ɗaya daga cikin kewaye goma sha huɗu da aka yi wa wannan dutse a tarihi, wato na 1411, Musulmi ne suka yi wa Musulmi, Garnaɗa da Fas suna jayayya a kan wa zai riƙe shi. A watan Agusta na 1462, wani mazaunin garin da ya bar addini ya tsegunta wa mutanen Kastila cewa mafi yawan masu tsaro ba sa nan. Cikin 'yan kwanaki garin ya faɗi. Idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. An mai da babban masallacin garin coci, kuma a harabarsa babbar majami'ar Katolika take a yau. Wani ƙaramin masallaci da ke can ƙarshen kudu shi ma aka mai da shi wurin ibadar Kirista. Shekara 30 bayan haka, a 1492, Garnaɗa kanta ta bi sahu.

Idan aka lissafa daga 711 zuwa 1462, aka cire shekara 24 ɗin nan, za a ga Musulmi sun riƙe wannan dutse shekara 727. Sifaniya ta riƙe shi shekara 242. Birtaniya kuwa yanzu ta haura shekara 320.

DAGA HANNUN SIFANIYA ZUWA NA INGILA

A watan Agusta na 1704, ana cikin yaƙin gadon sarautar Sifaniya, rundunar ruwa ta Ingila da Holan ƙarƙashin George Rooke ta kama garin. Yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta miƙa shi ga Birtaniya, kuma a cikin sharuɗɗan da Sifaniya ta gindaya har da cewa kada a bar Bayahude ko Musulmi ya zauna a garin. Sai dai ciki ba ya bin takarda. Sojojin da ke tsaron dutsen suna bukatar nama da hatsi, kuma daga Maroko ake samo su, don haka ba a jima ba sharaɗin ya zama na baka. Sifaniya ta yi ta ƙoƙarin karɓo wurin, mafi tsanani shi ne kewayen 1779 zuwa 1783, wanda a lokacinsa aka fara haƙa ramukan da baƙi ke shiga yau da tikiti.

A 1967 aka tambayi mazauna wurin ra'ayinsu: mutum 12,138 suka zaɓi zama da Birtaniya, mutum 44 suka zaɓi Sifaniya. Shugaba Franko ya fusata ya rufe iyaka a 1969, ba a buɗe ta ga masu ƙafa ba sai 1982, ba a sake ta gaba ɗaya ba sai 1985. Wannan rufewa ita ce ta dawo da Musulmi da yawa garin, domin da ma'aikatan Sifaniya suka daina zuwa, sai aka ɗebo dubban 'yan Maroko su maye gurbinsu a tashar jiragen ruwa da wuraren gini. An cusa da yawansu a tsofaffin barikokin soja, sun yi shekaru ba su da cikakken 'yancin zama da iyalansu. Ɗaya daga cikin barikokin nan yana bakin dandalin da baƙi ke fara zama su sha shayi idan sun shigo gari, kuma kaɗan ne suka san waɗanda suka kwana a ɗakunan da ke bayansu.

A ranar 8 ga Agusta 1997 aka buɗe masallacin Ibrahim al-Ibrahim a ƙarshen kudu na dutsen, kyauta daga Sarki Fahad na Saudiyya. Wanda ya tsaya a harabarsa ranar da gari ya yi wasai zai hango duwatsun Maroko da birnin Sabta. A 2002 mazauna suka sake ƙin amincewa da raba mulki da Sifaniya, a 2016 kashi 96 cikin ɗari nasu suka zaɓi zama cikin Tarayyar Turai amma ƙuri'ar Birtaniya ta fitar da su, sannan a watan Yuni na 2025 aka sanar da cimma matsaya tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai a kan sauƙaƙa zirga-zirga a iyakar. Mutanen wurin sun faɗi abin da suke so fiye da sau ɗaya, kuma ni ban rubuta wannan don in ce a je a ƙwato wani abu ba.

ME YA HAƊA MU DA SHI?

Wani zai ce, mu da muke Kaduna, ina ruwanmu da wani dutse a bakin tekun Turai? To, ɗan'uwa, leƙa zauren malamin unguwarku. Ashafa da ake karantawa a masallatai da fadojin sarakunanmu a watan azumi, Alƙali Iyad ne ya wallafa ta, haifaffen Sabta a 1083, garin da ake hangowa daga wancan masallaci, kuma ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Ishiriniya da iyayenmu ke raya dare da ita, ta Alfazazi ce, mutumin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1230. Alfiyyar da ɗalibin nahawu ke haddacewa, Ibn Malik ne mai ita, haifaffen Jayyan. Tuhufa da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da ita, ta Ibn Asim ce, alƙalin Garnaɗa. Muwaɗɗar Imamu Malik da ke hannunmu, riwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, wanda ya rasu a Ƙurɗuba a 848. Duk wannan ilmi yana da alaƙa da ƙasar da aka shiga ta gindin wancan dutse, ya ƙetaro Magrib, ya biyo ayarin raƙuma ya iso mana.

Ka kuma duba yadda shekaru suka jeru. Jibralta ta faɗi a 1462, a 1463 Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano. A daidai shekarun da Garnaɗa ke faɗuwa, Shehu Magili ya iso Kano daga Magrib ya rubuta wa Rumfa nasiha a kan yadda ake mulki. Fitila na mutuwa a wancan gefe, ana kunna wata a wannan.

NAMU DUWATSUN

Abin da ya fi damuna a cikin wannan al'amari ba na ƙanena ba ne, nawa ne. Na hau Dutsen Dala ranar wata Sallah tare da abokai, muka ɗauki hotuna, muka sauko muka nemi gurasa. Ban tambayi kowa labarin Barbushe ba, ban san cewa an narka ƙarfe a gindin dutsen nan tun kafin a haifi Ɗariƙu ba. Na sha wuce Kufena a hanyar Zariya ban taɓa tsayawa ba. Daga nan Mahuta matasa kan haɗa kuɗin mota su tafi Kajuru su ga ginin da wani Bajamushe ya yi a kan dutse a shekarun 1980, su dawo da yamma, amma da wuya ka ji sun ce a ƙetara kogi a je Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, inda aka adana takardu da rubuce-rubucen magabata tun 1970. Ashe ni ma baƙon yini guda ne a cikin tarihin gidanmu.

Kuma a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Mutanen Jibralta, waɗanda akasarinsu ba Musulmi ba ne, sun adana hasumiyar Banu Marin, suna gyara ta, har sun taɓa sa hoton Ɗariƙu a takardar kuɗinsu ta fam biyar. Mu kuwa ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun kafin Abdulmumin ya aza tubalin Madinatul Fathi, a gaban idonmu ake yanka ta ana kafa shaguna. Babu wani sarkin Kastila da ya kewaye mu. Mai kukan Andalus da hawaye alhali tasa ganuwar na zubewa, ya kamata ya sake duba inda yake zubar da hawayen.

Yawon buɗe ido ba laifi ba ne, kuma Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da mu a wurare da yawa a kan tafiya a bayan ƙasa da duba ƙarshen waɗanda suka gabace mu. Shawarata ga matashin da Allah Ya hore wa tafiya, ko zuwa Jibralta ko zuwa hasumiyar Gobarau a Katsina, ita ce ya karanta wani abu a kan wurin kafin ya tashi, ya tambayi ma'anar sunansa, ya nemi dattijo ko mai kula da wurin ya saurare shi, sannan idan ya dawo ya rubuta abin da ya gani da Hausa don na baya. Hoto da biri ba zai hana wannan ba.

Ƙanena ya yi mini alkawarin idan ya sake samun hutu zai koma, ya hau hasumiyar, ya yi sallar azahar a masallacin da ke kallon Sabta. Ni kuma na yi masa alkawarin idan ya dawo gida za mu je Dala tare, wannan karon da littafi a hannu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyara daga masana. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu zama masu lura.